TARIHI: Willie Mosconi, gwanin sinuka da ya fifita lissafi a kan ƙarfin damtse

A rumfunan sinuka na Rijiyar Zaki da Bachirawa a Ƙaramar Hukumar Ungogo, kamar sauran unguwannin Kano, da wuya a fara wasa ba a ji ƙarar bugun farko ba. Matashi kan zage damtse ya fasa tarin ƙwallaye, su watse, ko wata za ta dace da rami. Sai dai mutumin da ake lissafawa cikin manyan gwanayen wannan wasa a tarihi ya gina sunansa ne a kan akasin haka, wato bugu mai taushi da auna wurin da farar ƙwallo za ta tsaya. Sunansa Willie Mosconi.

An haifi Mosconi ranar 27 ga Yuni, 1913, a birnin Filadelfiya na Amurka. Mahaifinsa, Joseph, tsohon ɗan dambe ne da ke da gidan wasan tebur, amma bai so ɗansa ya shiga harkar ba, har yakan ɓoye ƙwallayen. Yaron sai ya riƙa ɗaukar dankali daga madafa, ya mai da sandar tsintsiya abin bugu. Da uban ya ga baiwar ta fi ƙarfin hani, ya sakar masa mara. A 1919, yana ɗan shekara shida, aka haɗa shi wasan nuni da zakaran zamanin, Ralph Greenleaf. An cinye shi, amma daga ranar aka san da zamansa.

A 1933 kamfanin Brunswick ya tura su biyun rangadi cikin Amurka. Cikin wasanni 107, Greenleaf ya ci 57, Mosconi ya ci 50. Wannan rangadi shi ne makarantarsa, domin ya shafe watanni yana kallon yadda gwani ke sarrafa farar ƙwallo.

Nau'in wasan da ya shahara a kai shi ne wanda ake kira 14.1. A cikinsa dole ɗan wasa ya ambaci ƙwallon da zai zura da ramin da za ta shiga, kowace ƙwallo maki ɗaya. Saboda haka fasa tari da ƙarfi a bugun buɗe wasa tamkar dafa tuwo ne a miƙa wa abokin hamayya: ƙwallaye sun watse, ba a ci komai ba, shi kuwa ya tarar da tebur a shimfiɗe. Gwanaye kan shafi gefen tarin ne a hankali, su cika ƙa'idar kai ƙwallaye biyu da farar ga bangon tebur, sannan su bar farar a can nesa.

Ƙarfi yana da lokacinsa. Idan an zura ƙwallaye 14, sai a bar ta 15 a inda take, a sake jera sauran. Aikin ɗan wasa shi ne ya zura wannan guda, farar kuma ta wuce ta buɗe sabon tarin. Idan bugun ya yi sanyi, farar za ta maƙale a jikin tarin. Idan ya yi yawa, za ta ƙwace ta faɗa rami ko ta tsaya inda ba hanya. A nan Mosconi ya yi wa tsaransa zarra: tun saura ƙwallaye da dama yake zaɓen wadda zai bari, ya share hanyar zuwa gare ta.

Da wannan salo ya lashe kambin duniya aƙalla sau 15, daga 1941 zuwa tsakiyar shekarun 1950. Ranar 19 ga Maris, 1954, a garin Springfield na Jihar Ohio, ya zura ƙwallaye 526 a jere ba kuskure, wato ya sake buɗe tari fiye da sau 35. Shekara 65 wannan bajinta ta yi kafin John Schmidt ya zarce ta da 626 a 2019.

Mosconi ya damu ƙwarai da kallon da ake yi wa wasan a matsayin sana'ar 'yan caca da zauna-gari-banza. Yakan fito wasa cikin kwat da laktaye. A 1961 shi ya horar da jarumi Paul Newman domin fim ɗin The Hustler, a 1978 kuma ya doke shahararren ɗan caca Minnesota Fats a wasan da tashar ABC ta nuna.

Ya rasu a Satumbar 1993 a Jihar New Jersey, yana da shekara 80. A 1994 aka fara gasar Kofin Mosconi tsakanin Amurka da Turai. Ana buga ta ne da wasan ƙwallo tara, inda ake fasa tari da ƙarfi domin ƙwallon da ta faɗa a bugun farko tana bai wa mutum damar ci gaba. Ko a wannan nau'in, Corey Deuel ya lashe babbar gasar Amurka ta 2001 da bugun farko mai taushi, daga baya kuma masu shirya gasanni da yawa suka kafa dokokin da ke tilasta a buga da ƙarfi.