Abdullahi Bayero: Sarkin da ya raba aikin fada tsakanin 'yan majalisa

An haifi Abdullahi Bayero a 1881, ɗa ne ga Sarkin Kano Abbas. Ya riƙe sarautar Ciroma da hakimcin Bichi kafin ya hau gadon sarauta a 1926, bayan rasuwar Sarki Usman.

A zamaninsa aka rarraba ayyukan En'e a kan manyan 'yan majalisa: Waziri ya kula da shari'a, Galadima da birni, Ma'aji da baitulmali, Madaki kuma da hakimai. Ta hannun Madaki rahoton haraji da ƙorafin talakawan gundumomi irin su Gwarzo da Ƙaraye ke isa fada.

Sarkin bai ƙyamaci koyo daga waje ba. A 1934 ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman. A shekarar ce aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A 1937 ya sauke farali, aka yi masa laƙabi da Sarki Alhaji. Ruwan famfo da wutar lantarki ma a mulkinsa suka shigo birni.

Sai dai gyaran bai kawar da kukan talakawa ba. A 1950 aka kafa NEPU a Kano, tana zargin En'e da danniya. Ya rasu a Disamba 1953. Sunansa Jami'ar Bayero ke ɗauke da shi.