Likitan da Ya Binciki Zuciyar Shanu

'Yan'uwana malaman gobe, ina so in ba ku labarin wani likita da nake sha'awa, watau Albert Szent-Györgyi. An haife shi a ƙasar Hungari cikin 1893. Da ya ga ɓarnar yaƙin duniya na farko, sai ya harbi hannunsa da kansa don a sallame shi ya koma karatu.

Cikin 1929, a Kambirij ta Ingila, shi da Alan Drury suka tace wani abu daga zuciyar shanu, suka yi wa dabbobi allurarsa. Sai bugun zuciyarsu ya lafa, hanyoyin jini suka buɗe. Nan aka fara gane aikin adenosin.

Sauran amfaninsa daga baya aka gano. In jini ya yanke wa wata gaɓa, nama ya rasa iska, sai ya saki adenosin. Sa'ad da jini ya komo, fararen ƙwayoyinsa kan afka wa naman nan mai rauni, su ƙara masa kumburi. Adenosin ne ke lallashinsu su sassauta.

Ya sami lambar Nobel a 1937 saboda bitamin C da yadda jiki ke ƙona abinci. Ya rasu a Amurka cikin 1986. Ni dai da wannan ƙaramin aiki na 1929 nake tunawa da shi.