Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillacen Katsina ne. Bayan ya ƙoshi da ilmi ya tafi aikin Haji, sa'an nan ya zauna Masar. Cikin 1732 ya wallafa littafin hatimi da Larabci, watau jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya: 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi 15. Cika sharuɗɗa da yawa gaba ɗaya, abin da a ke ɗora wa kwamfuta yau, shi da alkalami ya yi. Ya rasu a Alkahira cikin 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Yaranmu masu cewa lissafi na Turawa ne, to, ga kakansu. Allah ya jiƙansa, amin.