Len Hutton: Ya Fara da Sifili

A zangon farko a nan Gwarzo na kwaso kariyoba biyu, har na fara tunanin tattara kayana in koma gida. A cikin wannan ƙunci ne na ci karo da tarihin wani ɗan wasan kurket na Ingila, Len Hutton.

An haife shi a 1916 kusa da Pudsey a yankin Yorkshire. Aikinsa a fili shi ne buɗe bugu. A wasan Test, wanda ake shafe kwanaki ana yi, masu bugu biyu na farko su ke tarar sabuwar ƙwallo mai tauri, tana karkacewa a iska, masu jifa kuma ba su gaji ba. Don haka ba mai neman burgewa ake zaɓa ba. Ana neman mai haƙuri, mai tsare gidansa, wanda ya san ƙwallon da zai daka da wadda zai bari ta wuce.

To, a wasansa na farko ga Ingila a 1937, da New Zealand, maki nawa ya ci? Sifili da ɗaya! Amma masu zaɓe ba su jefar da shi ba. A wasa na gaba ya ci 100. A 1938 a filin Oval ya yi sama da awa 13 yana bugu gaban Ostireliya, ya tara 364, bajintar da sai a 1958 Garfield Sobers ya wuce ta.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya karye a hannun hagu wajen horon soja. Bayan tiyata hannun ya fi ɗayan gajarta. Ya sake koyon riƙe sanda, ya dawo. A 1952 ya zama kyaftin ɗin Ingila, a 1953 suka karɓe kofin Ashes daga Ostireliya. Ya rasu a 1990.

Ni dai wallahi sifilin nan ya fi 364 taɓa ni. Na gyara takarduna biyu, ga ni a ND II. Kai da sakamakon farko ya kayar, ɗan'uwa, kar ka ɗaure kaya tukuna fa.