Robert Grant: likitan da ya raɗa wa soson teku suna

A kasuwar Dakoro, idan ka ce a ba ka soso, ɗayan biyu za a miƙo maka: ko busasshen ɗan itacen nan mai yaɗo a jikin danga, ko kuma na roba. Amma akwai wani soso na uku da ke rayuwa a ƙarƙashin teku, manne da duwatsu, wanda mutanen Girka suka daɗe suna nutso su ciro domin wanka. Wannan dabba ce, duk da ba ta da baki, ba ta da hanji, ba ta da ƙwaƙwalwa. Mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin tabbatar da hakan shi ne Robert Edmond Grant, ɗan yankin Sikotilan na Birtaniya.

An haifi Grant ranar 11 ga Nuwamban 1793 a birnin Edinbara, inda ya kammala karatun likita a 1814. Bai zauna duba marasa lafiya ba. Ya kwashe shekaru yana yawon neman ilimi a ƙasashen Turai, musamman birnin Paris, inda ya karɓi ra'ayin masanin Faransa Lamarck na cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali cikin dogon zamani.

Da ya koma gida sai ya duƙufa a gaɓar tekun da ke kusa da Edinbara, wajen ƙauyen masunta na Prestonpans. A lokacin masana ba su daidaita ba kan matsayin soson teku, wasu na lissafa shi cikin tsirrai, wasu na cewa yana tsakanin tsiro da dabba. Grant ya riƙa ɗebo shi da ransa, ya saka a ruwan teku, ya zuba masa ido da madubin ƙara girma. Ya ga ruwa na shiga ta ƙananan kafofi masu ɗimbin yawa a jikin soson, yana bi ta hanyoyin da ke ciki, sannan ya fito da ƙarfi ta manyan ramuka. Ta haka soson ke tace abincinsa, ta haka kuma yake numfashi. Ya ga kuma 'ya'yansa suna fita suna iyo kafin su sami wurin mannewa. Ya wallafa waɗannan bincike a 1825 da 1826, kuma a 1826 ɗin ya bayyana wani soso mai huda ƙwanson kawar teku, ya kira shi Cliona. A 1836 ya raɗa wa dangin baki ɗaya suna Porifera, wato masu kafofi da harshen Latin. Da wannan sunan ake kiransu har gobe.

A waɗannan shekarun ne wani ɗalibin likita da karatun ya gundure shi ya riƙa bin Grant zuwa bakin teku. Sunansa Charles Darwin, kuma bai kai shekara 20 ba. Grant ne ya koya masa tattara ƙananan halittun ruwa da fiɗe su. Sai dai zumuncin bai yi ƙarko ba. A watan Maris na 1827 Grant ya gabatar wa wata ƙungiyar masana abin da aka gano game da ƙwayayen wasu halittun teku, kwana uku kafin Darwin ya gabatar da nasa, alhali yaron yana ganin yana da hannu a gano su. Ɗaliban jami'o'inmu da ke rubuta kundin digiri ba za su ji wannan labari baƙo ba.

Daga 1828 Grant ya fara koyar da ilimin dabbobi a sabuwar Jami'ar Landan, wadda a yau ake kira UCL, kuma ya ci gaba da koyarwa har shekara 46. Da farko tauraronsa ya haska: mujallar likitoci ta The Lancet ta buga laccocinsa 60 a 1833 da 1834. Amma ra'ayinsa na sauyawar halittu da kuma goyon bayan da ya bai wa masu neman a gyara harkar likitanci sun haɗa shi da manyan masana na Landan, musamman Richard Owen, wanda ya fi shi uwa a gindin murhu. Abin da yake samu ya dogara ne da kuɗin da ɗalibai ke biya, ɗaliban kuma ba su da yawa. Ya zauna a unguwar talakawa, bai yi aure ba. A 1861 ya sadaukar da wani ɗan littafinsa kan rabe-raben dabbobi ga tsohon ɗalibin nasa, wanda a lokacin sunansa ya riga ya game duniya.

Ya rasu ranar 23 ga Agustan 1874, ya bar wa jami'ar littattafansa da tarin dabbobin da ya adana domin koyarwa. Su ne tushen gidan tarihin dabbobi da ke ɗauke da sunansa a Landan.

Aikin da ya soma bai ƙare ba. A yau an san nau'in soso fiye da 9,000, an kuma kasa su gida huɗu, galibi bisa ƙananan ƙayoyin da ke riƙe da jikinsu: wasu nasu na alli ne, wasu kamar gilashi, wasu kuma zare ne mai laushi irin na soson wanka. Gida na huɗun sai a 'yan shekarun nan aka ware shi, bayan binciken ƙwayoyin gado. Sanin wane ne wane a cikinsu yana da amfani ga masu haɗa magani, domin daga wani soson tekun Japan aka samo tushen eribulin, maganin kansar mama da Amurka ta amince da shi a 2010. Cikin masu ƙayar alli kuma akwai wani ɗan ƙarami da masani John Fleming ya sa wa suna Grantia tun a 1828.