James Eads, injiniyan da ya sa kogin Misisifi ya yashe kansa

A farkon shekarun 1870, manyan jiragen ruwa kan maƙale a bakin kogin Misisifi na Amurka, domin laka da yashi sun toshe inda kogin ke faɗawa teku. Mutumin da ya magance wannan matsala bai taɓa shiga jami'a ba.

An haifi James Buchanan Eads a 1820 a jihar Indiyana. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya kama aiki a birnin St. Louis, inda ya koyar da kansa injiniyanci ta hanyar karatu. Da sana'ar tsamo kayan jiragen da suka nutse ya yi arziki, kuma da kansa yake shiga ƙarƙashin ruwa. A can ya ga yadda ruwa mai ƙarfi ke kwashe yashi, mai sanyin gudu kuma ya zubar da shi. Daga baya ya ƙera wa gwamnati jiragen yaƙi lokacin yaƙin basasa, ya kuma gina gadar St. Louis da aka buɗe a 1874.

Kan batun bakin kogi kuwa, injiniyoyin soja ƙarƙashin Janar Andrew Humphreys sun nace sai an haƙa sabuwar hanyar ruwa. Eads ya ce a matse kogin tsakanin katanga biyu da za su kutsa cikin teku, ruwa ya ƙara gudu ya share yashin da kansa. Ya ma yarda kada a biya shi sai zurfin ya samu. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, ga kuma mashigar da majalisar dokoki ta ba shi a 1875, wato South Pass, ƙarama ce, ba wadda ya nema ba.

Da rassan itace ya yi katangun. Aka saƙa su kamar zana, aka danne da duwatsu har suka nutse. Kuɗi sun yanke masa, abokan hamayya ba su daina suka ba, amma a 1879 zurfin ya kai kimanin mita 9, daga ƙasa da mita 3. Kasuwancin tashar New Orleans ya farfaɗo.

Eads ya rasu a birnin Nassau ranar 8 ga Maris, 1887, yana fafutukar gina layin dogo da zai riƙa ɗaukar jiragen ruwa ya ƙetare da su ƙasar Meziko daga wannan teku zuwa wancan. Ba a gina shi ba.