Toussaint Louverture: Bawan da ya Zama Gwamna

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Kwatano zuwa Bohicon ya san garin Allada. To, daga yankin nan aka ce an kamo mahaifin wannan mutum, aka sayar da shi a ƙasar da yau ake kira Haiti, lokacin tana hannun Faransa. Can aka haifi Toussaint wajen 1743, bawa a gonar rake. Aikinsa kula da dawaki da tuƙa keken doki, kuma zuwa 1776 ya riga ya sami 'yancin kansa.

A 1789 aka yi juyin juya hali a Faransa, ana shelar cewa mutane duk ɗaya ne. Bayin ƙasar, kusan rabin miliyan, suka ji labari, suka yi bore a 1791. Toussaint ya shiga cikinsu yana dab da shekara hamsin. Da fari da Sifaniyawa ya haɗa kai, amma da Faransa ta haramta bauta a 1794 sai ya koma ɓangarenta. Ya matsa wa sojan Ingila har suka kwashe a 1798. A 1801 ya kafa tsarin mulkin da ya sa shi gwamna har mutuwa.

Nan ne inda lissafi ya cakuɗe masa. Ya san 'yanci ba zai tsaya ba sai da bindiga, bindiga kuwa sai da kuɗin sukari da kofi. Saboda haka ya tilasta wa 'yantattun bayi komawa gonakin da suka tsana, ana ba su kaso, soja na tsaye a kansu. A lissafin kasuwa dai ban ga kuskurensa ba, amma mutanen da suka zubar da jini ba wannan suka nema ba. Da suka tayar, har Janar Moise, wanda ya riƙa kamar ɗa, ya sa aka harbe.

Da Napoliyon ya turo mijin ƙanwarsa da soja fiye da 20,000 a 1802, manyan hafsoshinsa suka riƙa sallamawa ɗaya bayan ɗaya. Aka yi sulhu, aka gayyace shi zama, ya je da amana, aka kama shi. Kurkukun Joux aka kai shi, cikin duwatsun Faransa masu tsananin sanyi. Can ya mutu ran 7 ga Afrilu, 1803. Wata tara bayan haka mataimakinsa Dessalines ya yi shelar 'yancin Haiti, ran 1 ga Janairu, 1804.